Magana Zarar Bunu: Yadda Za Mu Kare Iyalinmu Idan An Sace Bayanan 'Yan Ƙwallo

A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2025, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Faransa, wadda aka fi sani da FFF, ta fito ta sanar da jama'a cewa ɓarayin intanet sun kutsa cikin tsarin kwamfutar da kulob-kulob na ƙasar suke yi wa 'yan wasansu rajista da shi, sun kwashe bayanan mutane. Abin da suka ɗiba ya haɗa da sunan ɗan wasa da na gidansu, da rana da wurin haihuwarsa, da ƙasarsa, da adireshin gida, da lambar waya, da adireshin imel, da kuma lambar lasisinsa. Hukumar tana da mutane fiye da miliyan 2 masu lasisi, kuma da yawa daga cikinsu yara ne ƙanana waɗanda iyayensu suka sa musu hannu.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan mutumin Malanville da abin da ya faru a Faransa? Amsa ita ce, Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Da farko dai akwai 'yan'uwanmu mazauna can waɗanda 'ya'yansu suke buga tamaula a ƙananan kulob na unguwa, kuma sunayensu suna cikin wannan rajista. Na biyu, mu ma a nan kusan babu gidan da ba shi da yaron da ya taɓa kai hotonsa da kwafin takardar haihuwarsa wajen wani mai horarwa, musamman tun da garinmu ya shiga cikin garuruwa 22 da gwamnati ta gina wa sabon filin wasa. Waɗannan takardu suna nan a hannun wasu, kuma ƙalilan ne daga cikin iyaye suka taɓa tambayar inda aka ajiye su.

Yadda abin ya faru

Bisa ga bayanin da hukumar ta Faransa ta bayar, masu kutsen ba su sha wahalar fasa wata katanga ba. Sun samu mabuɗin shiga na ɗaya daga cikin masu amfani da tsarin ne, wato sunansa da kalmarsa ta sirri, suka shiga ta ƙofa tamkar masu gida. Da aka farga sai aka rufe wannan ƙofa, aka sauya kalmomin sirri na dukkan masu amfani da tsarin, aka shigar da ƙara, aka kuma sanar da hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasar, wato CNIL. Sai dai abin da ya fita ya riga ya fita.

Wannan kuwa ba shi ne karo na farko ba. A watan Maris na 2024 an yi wa hukumar irin wannan ta'asa, inda aka ɗebi bayanan mutum kimanin miliyan 1 da rabi, har da na iyaye da waliyyan yaran da ba su balaga ba. Haka nan a Italiya, a watan Nuwamba na 2024, kulob ɗin Bologna ya tabbatar da cewa an sace masa bayanai, bayan wasu gungun 'yan fashin intanet da ake kira RansomHub sun nemi kuɗin fansa. A Holan kuwa, hukumar ƙwallon ƙasar ta amsa da bakinta a 2023 cewa ta biya wasu 'yan fashin mai suna LockBit kuɗi domin kada su watsa abin da suka sata. Ko Manchester United ta Ingila, wadda matasanmu suke cika gidajen kallo dominta, an kai wa kwamfutocinta hari a watan Nuwamba na 2020.

Amma labarin da ya fi tayar da hankali shi ne na hukumar wasan harbi ta Faransa. A watan Oktoba na 2025 aka sace bayanan membobinta, na yanzu da na da, kimanin mutum miliyan 1. A cikin abin da aka sata babu jerin bindigogi, sai dai akwai suna da adireshi da lambar waya. To amma ɓarawo ba ya buƙatar a faɗa masa cewa wanda yake da lasisin harbi yana iya ajiye bindiga a gida. Ba a yi makonni ba sai aka fara jin labarin fasa gidajen wasu membobi, wasu kuma aka je musu da sojan gona, ana cewa 'yan sanda ne aka turo su karɓi makamai. Ka ga ke nan abin da aka sata a cikin kwamfuta ya tako da ƙafarsa har ƙofar gida.

Me ɓarawo zai yi da suna da ranar haihuwa?

Da yawa daga cikinmu idan aka ce an sace sunansu da lambar wayarsu, dariya za su yi, su ce ai duk kasuwa an san sunana, lambata kuma a jikin rumfata take rubuce. Gaskiya ne. Sai dai a lura, kowane bayani shi kaɗai ba shi da wani tasiri, haɗuwarsu wuri guda ita ce matsalar. Wanda ya san sunan ɗanka, da sunan mahaifiyarsa, da ranar da aka haife shi, da kulob ɗin da yake yi wa wasa, da lambar wayarka, ya samu abin da ya fi kuɗi tsada a wajen ɗan damfara, wato hanyar da zai sa ka yarda da shi.

Mu al'umma ce da ta ginu a kan sanayya. Baƙo idan ya yi sallama ya ambaci sunan mahaifinka da unguwarku, nan take za a shimfiɗa masa tabarma, domin a al'adance ba mai sanin waɗannan abubuwa sai wanda yake da alaƙa da gidan. Wannan kyakkyawar ɗabi'a ita ce ɗan damfara yake hawa. Alal misali, waya za ta yi ƙara, a gaishe ka cikin ladabi da Faransanci mai kyau, a ce: "Alhaji, ai kai ne mahaifin wane, wanda aka haifa ran kaza ga watan kaza, yake buga lamba tara a kulob kaza? To albishirinka, an zaɓe shi ya je gwaji Turai. Abin da ya rage kuɗin biza ne, jaka ɗari biyu, a turo ta waya kafin jibi, in ba haka ba a ba wani." Uban da ya ji an jero masa wannan bayani daidai, babu kuskure ko ɗaya, da wuya ya kawo shakka a ransa. Sai a sayar da buhunan albasa ko shinkafar da aka noma a fadama, ko uwa ta fitar da adashinta, a tura wa mutumin da ba a taɓa gani ba.

Dillalan ƙwallo na bogi sun daɗe suna cin dukiyar iyaye a Afirka ta Yamma, suna yasar da yara a biranen da ba su san kowa ba. Abin da satar bayanai ta ƙara musu shi ne sauƙin aiki, domin a da sai sun zo bakin fili sun yi farauta, yanzu kuwa jerin sunaye ake sayar musu. Saboda haka yana da kyau iyaye su san abubuwa uku daga dokokin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, FIFA. Na ɗaya, tun 2001 an hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 18 ba daga ƙasarsa zuwa kulob na wata ƙasa, sai a wasu 'yan halaye ƙalilan, kamar idan iyayensa ne suka ƙaura can don wani dalili da bai shafi ƙwallo ba. Na biyu, dillalin gaskiya yana da lasisin FIFA, kuma ba ya da ikon tuntuɓar yaro sai da rubutaccen izinin waliyyinsa. Na uku, dokar ta hana a nemi kuɗi a hannun ɗan wasa saboda gwaji. Duk wanda ya ce a biya kafin a gwada yaro, ya riga ya tona asirin kansa.

Baya ga wannan akwai maganar kuɗin waya. Yau ciniki mai yawa a kasuwar Malanville ta MTN MoMo da Moov Money da Celtiis Cash ake yin sa, kuma mutane da dama shekarar haihuwarsu ko ta ɗansu suka mayar lambar sirri, don kada su manta. Wanda ya samu takardar rajistar yaro ya samu wannan shekara a rubuce. Har ila yau, da kwafin katin shaidar mutum ana iya ƙoƙarin yankar layin waya da sunansa, a yi damfara da shi, ranar da asiri ya tonu kuma mai sunan za a fara nema.

Yadda muke ajiya a nan gida

Kada mu ɗauka sai inda ake da manyan kwamfutoci ake satar bayanai. A wajenmu rajistar kulob sau da yawa littafi ne a jakar sakatare, ko hotunan takardu a cikin wayar mai horarwa, wayar da ba ta da makulli, yara suna kallon wasa da ita, idan ta lalace a bar ta kwana uku wajen mai gyara. Idan gasa ta matso, sai a ce kowa ya turo takardar haihuwarsa a zauren WhatsApp mai mutum sittin ko tamanin, kowannensu kuma kwafi ya sauka a wayarsa. Sannan ga shagunan fotokopi, inda ake barin takardun mutane a cikin kwamfuta wata da watanni, waɗanda suka lalace wajen bugawa kuma a zubar da su, wani lokaci ma a tsince su an ƙunshe ƙosai ko tsire a ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, mu kuwa bangonmu tsaga ta yi masa yawa.

Abin ya ƙara nauyi tun bayan ƙidayar RAVIP ta 2017 zuwa 2018, wadda ta kai ga kowane ɗan ƙasa yana da lambarsa ta shaida, NPI, a ƙarƙashin hukumar ANIP. Wannan lamba guda ce, da ita mutum yake neman takardunsa na hukuma, kuma ba riga ba ce da za a tuɓe a sauya. Kalmar sirri idan ta fita a sauya ta cikin minti biyu. Ranar haihuwa da sunan uwa da lambar shaida kuwa suna tare da yaro har tsufansa. Shi ya sa bayanin yaro ɗan shekara 12 da aka sata yau zai iya cutar da shi bayan shekara goma, lokacin da kowa ya manta an taɓa yin wani kulob.

Abin da doka ta tanada

Jamhuriyar Benin tana cikin ƙasashen yankinmu da suka yi saurin kafa dokar kare bayanan jama'a, tun a 2009. Daga baya aka shigar da wannan batu cikin babban kundin dokokin sadarwar zamani, doka mai lamba 2017-20 ta ranar 20 ga Afrilu 2018, wadda ta ɗora aikin sa ido a kan hukumar APDP da ke Kwatano. Dokar ta shafi duk wanda yake tara bayanan mutane, ko kamfani ne, ko makaranta, ko ƙungiya, ko kulob. Ta wajabta masa ya faɗi dalilin da ya sa yake karɓa, kada ya karɓi fiye da buƙata, ya tsare abin da ya karɓa, idan kuma tsaron ya karye ya sanar da hukuma da mutanen da abin ya shafa ba tare da ɓata lokaci ba. Mai bayanin shi ma yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka rubuta a kansa, ya sa a gyara kuskure, ya kuma nemi a share idan dalilin ajiyar ya wuce.

Game da masu damfara ta waya da intanet, akwai cibiyar bincike ta ƙasa mai suna CNIN, kuma kotun CRIET, wadda aka kafa a 2018, ita take yanke musu hukunci. Da yake yawancin gidajenmu suna da dangi a Gaya da Dosso ko a Kamba, ya kamata a san cewa Nijar ma ta yi tata dokar a 2017 tare da hukumar HAPDP, Najeriya kuma ta yi tata a 2023 tare da hukumar NDPC. Ɗan damfara bai san iyaka ba, yana iya zama a wata ƙasa ya kira wata.

Idan an riga an sace

To, idan labari ya zo cewa bayanan kulob ɗin ɗanka sun fita, ko wayar da aka tara takardu a ciki ta ɓata, me ya kamata maigida ya yi?

Abu na farko shi ne ya je wajen shugabannin kulob da ƙafarsa ya tambayi ainihin abin da ya fita. Suna ne da lambar waya kawai, ko har da kwafin takardar haihuwa da katin shaida? Domin gwargwadon ciwo, gwargwadon magani.

Na biyu, ya tara iyalinsa ya faɗa musu. Wannan shi ne matakin da aka fi sakaci da shi, alhali ya fi sauran muhimmanci, domin ɗan damfara ba lallai ne ya kira maigida ba. Ya fi son uwa mai tausayi, ko kaka, ko shi yaron da kansa wanda zuciyarsa take can Turai. A gaya wa kowa a fili: daga yau, wanda ya kira ya ambaci sunanmu da ranar haihuwarmu, wannan ba shaida ba ce cewa ya san mu.

Na uku, a sauya lambar sirri ta kuɗin waya, a daina amfani da shekarar haihuwa ko jerin lambobi masu sauƙin hasashe. Wanda yake da imel ko Facebook ya sauya kalmar sirrinsa, kada kuma ya yi amfani da kalma guda a wurare biyu. A WhatsApp akwai makulli na biyu da ake iya kunnawa a wajen saituna. Sannan lambobi 6 ɗin da suke zuwa ta saƙo ba a karanta wa kowa su, ko da ya ce daga kamfanin waya yake, domin ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirrin mutum.

Na huɗu, duk kiran da ya zo da gaggawa a dakata masa. "Kafin gobe", "yanzu-yanzu", "kada ka faɗa wa kowa", waɗannan su ne kayan aikin macuci, domin ya san idan ka kwana a kan magana ko ka yi shawara, ya rasa ka. A kashe wayar, a nemi mai horarwa ko shugaban kulob ta lambar da aka sani tun da, ban da wadda mai kiran ya bayar. Idan maganar tafiya waje ce, a bi ta Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Benin, domin babu ɗan wasan da yake komawa kulob na wata ƙasa bisa ƙa'ida ba tare da takardar hukumar ƙasarsa ba. Haka kuma idan layin mutum ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta suna aiki, ya garzaya ofishin kamfanin, kada ya bari sai gobe.

Na biyar, idan har an ci kuɗin, kada kunya ta hana magana. A ajiye saƙonni da lambar da ta kira da shaidar turawa, a sanar da kamfanin waya nan take, a kuma kai ƙara ofishin 'yan sanda. Shirun wanda aka cuta shi yake ba macuci damar cutar maƙwabcinsa.

Nauyin da ke kan masu riƙon amana

Shugabannin kulob da masu horarwa, yawancinsu sa kai suke yi, ba a biyansu ko dala, kuma sun cancanci yabo bisa yadda suke raba yaranmu da zaman banza. Amma takardar da uba ya miƙa maka amana ce, daidai da kuɗin da ya ba ka ajiya. A karɓi abin da gasa take buƙata kaɗai. A sa mutum ɗaya ko biyu su riƙe, a cikin akwati mai makulli ko waya mai makulli. A daina tara takardu a zauren jama'a. Idan kaka ta ƙare ko yaro ya bar kulob, a mayar wa iyaye takardunsu ko a ƙone su, a share hotunan da ke cikin waya. In kuma tsautsayi ya afka, a faɗa wa iyaye a ranar, domin ɓoyewa don gudun zargi yana barin mutane cikin duhu a daidai lokacin da ɓarawo yake shirin kiran su.

Su ma iyaye, kafin a ba da kwafin kowace takarda, a rubuta a jikinsa da biro dalilin bayarwa da kwanan wata, misali "don rajistar gasar bana kawai", ta yadda zai yi wuyar amfani a wani wuri. A shagon fotokopi a tsaya a ga an share, a kuma karɓi waɗanda suka lalace. Wannan nasiha ta haɗa har da makarantun allo da na Islamiyya da ƙungiyoyin mata masu adashi, duk inda ake rubuta sunayen mutane.

Akwai kuma wani nauyi a kan kowa da kowa. Idan jerin sunaye ko hoton takardar wani ya faɗo wayarka, kada ka tura gaba. Kulob ɗin Bologna ya gargaɗi jama'a cewa riƙe bayanan sata ko yaɗa su babban laifi ne a dokar ƙasarsu, mu kuwa addininmu ya riga ya yi mana wannan iyaka. Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane, kuma ita ce ta umarce mu da tabbatar da labari kafin mu yi aiki da shi. Wanda ya riƙe waɗannan biyu ya kare ɗan'uwansa, ya kuma kare aljihunsa.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, haka ma bayanin mutum. Ba za mu hana 'ya'yanmu wasa don tsoron ɓarayi ba, kuma ba mu da ikon dawo da abin da aka riga aka ɗiba. Abin da yake hannunmu shi ne mu rage abin da muke bayarwa, mu tambayi inda ake ajiye shi, mu kuma koya wa iyalinmu cewa a wannan zamani sanin suna ba ya nuna gaskiyar mai kira. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu daga sharrin macuta, Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana, amin.